Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Littattafan da Suka Buɗe Mini Ido a Kan Zane

A makon jiya na tsaya ne a lokacin da nake yaron shago a wurin wani mai rubuta allunan talla a Sabon Garin Zariya, inda aikina bai wuce wanke buroshi da dama fenti ba. Idan rana ta yi tsaka aiki ya lafa, nakan zauna a bakin ƙofa in riƙa zana masu wucewa a bayan kwalin siga, kuma a wannan hali ne wani ɗalibin sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello ya same ni ranar da ya zo karɓar allon da ya ba da aiki.

Ya daɗe yana duban kwalin kafin ya ce, "Ƙanena, hannunka yana da kyau, amma abin da ke cikin kanka kake zanawa, ba abin da ke gabanka ba." Na ce, "Yaya, ban gane ba." Bai ƙara cewa komai ba, sai bayan kwana uku ya dawo da wani littafi da bangonsa ya sha hannu, wato Drawing on the Right Side of the Brain na Betty Edwards, wanda ya fara fitowa a 1979.

Turancina a lokacin bai taka kara ya karya ba, don haka ya buɗe mini shafin da ke ɗauke da zanen da shahararren mai zane Picasso ya yi wa mai tsara kiɗa Igor Stravinsky yana zaune a kujera, an buga shi kai a ƙasa, ya ce in kwafe shi a haka ba tare da na juya littafin ba. Na kwana ina yi a gaban fitilar ƙwai. Da yake ban iya gane ina ne hannu ina ne kwalar riga ba, dole ta sa na bi kowane layi yadda ya tafi, ina auna tazararsa da na kusa da shi. Da asuba na juya takardar, sai ga mutum zaune, yatsunsa a sarƙe, ya fi duk abin da na taɓa zanawa kyau. Masana sun ce bayanin marubuciyar game da ɓangaren dama da na hagu na ƙwaƙwalwa ya yi sauƙi fiye da yadda lamarin yake, amma darussan kansu suna aiki, kuma har yau da shi nake cewa mai koyo ya fara.

Na biyu shi ne Perspective Made Easy na Ernest Norling, na shekarar 1939, ƙaramin littafi mai koyar da yadda ake nuna nisa da kusa a kan takarda. Bayan na ga misalinsa na layin dogo, sai na je kusa da tashar jirgin ƙasa na tsaya, na ga ƙarafan nan biyu suna matsowa kusa da juna har suka haɗe daidai tsayin idona; da na tsuguna, wurin haɗuwar ya sauko tare da ni. Daga ranar zauren da nake zanawa ya daina karkacewa. Wannan littafi nake ba duk wanda ya zo mini yana cewa shi ba ya son zana abu mai rai saboda addini, domin da shi kaɗai mutum zai iya zana soro da masallaci da lungunan birni har su fito kamar a shiga.

A kan fuskar mutum kuwa, ban ga kamar Drawing the Head and Hands na Andrew Loomis ba, wanda ya fito a 1956. Yakan fara da ƙwallo, a shafe gefensa biyu, a ja layin gira, sannan a raba fuska kashi uku daidai: daga matsayar gashi zuwa gira, daga gira zuwa ƙasan hanci, daga nan zuwa haɓa. Sai dai fuskokin da ke ciki na Turawan Amurka ne, kuma na yi watanni duk wanda na zana sai ya fito da siririn hanci da ƙaramin leɓe, har sai da na koma kasuwa ina gwada ma'aunin a kan masu goro da 'yan dako. Ɗayan littafinsa na 1943, Figure Drawing for All It's Worth, yana cike da zanen jiki tsirara, don haka ya kamata iyaye su san da haka kafin su saya wa yaro.

The Natural Way to Draw na Kimon Nicolaïdes, na 1941, ya zo hannuna daga baya. Jadawalinsa yana neman awa uku a kowane zama, kuma sai mai haƙuri da lokaci ne zai kai ƙarshensa.

Wata shida littafin farko ya yi a wurina. Ranar da na mayar da shi tare da damin zanen da na tara, ɗalibin ya jera su a kan benci yana dubawa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya juya ga maigidana ya nemi izinin tafiya da ni Samaru, inda jami'arsu take, ranar Asabar. Abin da na gani a can shi ne labarin mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.