Godiya bayan dawowarmu daga Kalkata ta ƙasar Indiya

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, mun sauka Kano lafiya. Malam yana takawa da ƙafarsa, ƙodar da aka dasa masa tana aiki. Kun bi mu tun daga wankin ƙoda har ranar aiki, ba sai na maimaita ba, ni kaina har yau barcina bai daidaita ba. Amma akwai wani dare da ban taɓa ba ku labarinsa ba.

Sati uku da sallamarmu daga asibiti, muna can Kalkata, wajen ƙarfe 2 na dare, zazzaɓi ya rufe Malam, haƙoransa suna haɗuwa. Likita ya riga ya ja mana kunne cewa mai dashen ƙoda ba ya kwana da zazzaɓi. Muna hawa na uku, gidan babu lifta, Auta da ta ba shi ƙodar ko bokiti an hana ta ɗagawa, ni kuma ba na jin Bangali. Na buɗe ƙofa ina salati, a zatona gari ya yi barci.

Ashe babu wanda ya runtsa. Ƙofofi a buɗe, fitilun mai a jere, mata suna rangaɗa guɗa kamar ana kai amarya, wani yana busa ƙaton kodin teku. Daren Kojagari ne, kwana biyar da kammala bikin Durga, abar bautarsu, ranar da farin wata yake cika a watansu na Ashwin. A daren 'yan Hindu na yankin Bangal suke bauta wa Lakshmi, wadda suke ɗauka ita ce mai rabon arziki (su Lokkhi suke cewa). Sunan daren ma daga tambaya ya samo asali, wai tana zaga gidaje tana cewa wa yake farke. Shi ya sa ba a kwanciya. Abin hawanta kuwa mujiya, tsuntsuwar da mu ko kukanta muka ji sai mun nemi tsari.

Mashi, matar mai gidan, na san kin ce kada in ambace ki, ki yi haƙuri. Yini guda ta yi a durƙushe tana zana 'yan sawaye da ƙullun shinkafa, daga bakin ƙofar gida har saman bene, don baƙuwarsu ta bi ta shigo. Da ta ga fuskata ko tambaya ba ta yi ba. Ta bar abin da take yi, ta ƙwala wa 'ya'yanta biyu kira, suka ɗora Malam a kujerar roba suka sauko da shi, muna tattake zanen nan kaf. Na juya zan ba ta haƙuri, sai ta tura ni cikin tasi da hannu biyu, ta cusa min kuɗi a mayafi. Ranar, a addininsu, ba a cika son kuɗi su fita daga gida ba. Daga baya ɗanta ya gaya min.

Da rana ta zo asibiti da kwano: shinkafa da madara, da dunƙulen kwakwa da mazarƙwaila da suke kira naru. Na yi turus, don na san sai an ajiye abincin ranar a gaban gunki. Ta gane. Ta sa ɗanta ya faɗa min cewa namu ta ɗebe tun daga tukunya, tun jiya, kafin a kai komai wurin. Addininta nata, nawa nawa, amma wallahi sai da na yi kuka a kan kwanon nan. Allah ya saka miki, Mashi. Allah ya shirye ki da zuri'arki, ya haɗa ku da masu jin ƙanku ranar da kuke buƙata.

Dada mai tasi da ya ƙi karɓar ko rupi ɗaya, na gode. 'Yan uwa na masallacin Nakhoda da suka yi ta nuna mana mahautan halal a titin Zakariyya, da ɗalibanmu da suka riƙa yi mana tafinta, da makarantar Islamiyyar unguwarmu da ta yi saukar Alƙur'ani, Allah ya biya ku da gidan Aljanna. Auta, ke kam ba ni da baki. Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa, ya ba ki 'ya'ya masu jin ƙai, ya sa ki gama da duniya lafiya.

Dokar Indiya ta fi son mai ba da ƙoda ya zama ɗan uwa na jini, kuma a ɗakinsu Malam maza huɗu ne. Waɗanda wayarsu ta daina shiga tun ranar da aka ce a zo gwaji, mun ga saƙonninku na barka, mun gode.

Masu son zuwa dubiya a yi mana uzuri, likita ya hana shi shiga taro tukuna. Mai mura ko tari don Allah ya bugo waya kawai, bayan La'asar ya fi samun ƙarfin magana.