Kada ka taɓa jigon asali: shawara ga mai koyon WordPress

Matasa da yawa a Kano suna fara koyon WordPress, manhajar gina shafukan intanet, ne kai tsaye a kan shafin wani ɗan kasuwa da ya ba su aiki, mai shago a Kantin Kwari ko mai sayar da waya a Farm Centre. Kuskure ne babba. Wurin koyo shi ne kwamfutarka, inda ko ka lalata komai ba wanda zai yi asara.

Sauke XAMPP, manhajar da ke ba ka damar gudanar da shafi a kan kwamfutarka, ka kunna Apache da MySQL da ke cikinta. Sauke WordPress ka kwance shi a cikin foldar htdocs ta XAMPP, ka buɗe phpMyAdmin ka ƙirƙiri rumbun bayanai da tsarin utf8mb4. Idan WordPress ya tambayi bayanan rumbun, sunan mai amfani root ne, wurin kalmar sirri a bar shi fayau. Daga nan ba ka buƙatar data, ko an ɗauke wuta aiki na tafiya muddin batir na da caji. Idan Apache ya ƙi tashi, yawanci wata manhaja ce ta riga ta kama tashar 80.

Inda aka fi samun matsala shi ne lokacin da mutum ya fara son canza kamannin shafi. Sai ya buɗe fayil ɗin functions.php na jigon da ya saka (jigo, wato theme, shi ke tsara kamannin shafi), ya yi gyare-gyarensa, komai ya yi kyau. Ranar da aka sabunta jigon, WordPress zai goge tsofaffin fayilolin ya zuba sababbi, aikin mako biyu ya bi ruwa. Maganin shi ne ɗan jigo, wato ƙaramin jigo da ke gadon komai daga uwarsa. A cikin wp-content/themes buɗe sabuwar folda, ka sa style.css a ciki, a samansa ka rubuta Theme Name da sunan da kake so, sannan Template da sunan foldar uwar, harafi da harafi. Ko babban baƙi ɗaya ka sa a wurin ƙarami, WordPress na iya cewa bai ga uwar ba. Duk gyaranka ya zauna a nan. Abin da kuma bai shafi kamanni ba, kamar maɓallin da zai kai mai saye WhatsApp ɗin shago, ka yi masa fulogin (ƙaramar manhajar da ke ƙara wa shafi wani aiki) nasa daban da add_action ko add_filter, don ko an canza jigo yana nan.

Wata rana shafi zai koma fari fat. Kada hankalinka ya tashi. Sau da yawa alamar semicolon (;) ɗaya ce ka manta a rubutun lambobinka. Buɗe wp-config.php, mayar da WP_DEBUG zuwa true, zai faɗa maka fayil da lambar layi. Idan fulogin ne ya jawo, canza sunan foldarsa kawai, nan take zai mutu. Fulogin ɗin kuɗi da ake rabawa kyauta a zaurukan WhatsApp kuwa, don Allah a guje su, sau tari da ɓoyayyiyar ƙofar da masu kutse za su bi su shiga shafinka suke zuwa.

Sai batun haruffanmu. Kafin ka amince da jigo, rubuta "ƙwarya, ɗinki, ɓawo" a kanun labari ka duba a waya, domin wasu salon rubutun ba su da ƙ, ɗ da ɓ, sai su fito a karkace ko su zama akwati. A adireshin shafi kuma rubuta k, d, b da hannunka, in ba haka ba ƙ zai zama %C6%99 idan aka kwafa aka tura wa mutane.