Baƙi da wasali a cikin jikinmu

Mako shida ke nan muna jigila da Inna daga Makka zuwa Jidda ana yi mata gashin cutar daji. Yau aka yi na ƙarshe, alhamdu lillahi.

A wajen zaman jira na tambayi wata likita me hasken da ake gashin da shi yake yi wa jiki. Ta ce kusan kowace ƙwayar halitta tana ɗauke da zaren DNA, wato zaren da ke ɗauke da bayanan gado, da tsawonsa ya kai kusan mita 2, an naɗe shi a jikin wasu sunadarai da ake kira histon. Hasken yana tsinka zaren, da haka yake kashe dajin. Amma a kan zaren akwai wasu ƙananan alamomi, irin su metil, masu nuna wane sashe za a karanta, wane za a rufe. Nan take na tuna makarantar allo: baƙi yana nan yadda yake, wasali ya sauya, karatu ya sauya. Haske yana iya rage waɗannan alamomin ko ya sauya musu wuri, har ma a ƙwayoyin da ke maƙwabtaka waɗanda bai taɓa ba.

Abin da ya fi ratsa ni shi ne gyaran. Cikin 'yan mintuna da tsinkewar, ƙwayar takan ɗora alama a kan histon mai suna H2AX don masu gyara su gane wurin. A 1998 aka gano haka. Ashe duk lokacin da Inna take kwance shiru a ƙarƙashin na'urar nan, jikinta yana ta ɗinki.

A hanyar dawowa ta ce kunun gyaɗa take sha'awa. Ku sa ta a addu'a, 'yan'uwa.