Na je Obudu kallon duwatsu, hazo ya ce ban isa ba

Wallahi da na san haka saman Obudu yake da damina da ban tafi daga ni sai 'yar shara da silifas ba. A watan Agusta muka je ni da wani abokina, muka bi ta Makurdi da Gboko har Kuros Riba, muka wuce ƙofar shiga wurin mai ƙaton kan bijimi, sai hawan dutse na kilomita 11, kwana kan kwana, direba na ta hon ni kuma ina ta salati a baya.

Mu a Kano in an ce hazo ai ƙurar hunturu ce mai busar da leɓe. Na can jiƙaƙƙe ne, gajimare ne kawai kake tafiya a cikinsa tunda wurin ya haura mita 1,500, kafin ka ankara gemunka ya yi raɓa, riga ta manne a jiki. Na miƙa hannu ina ganin yatsuna, amma abokina da ke gabana taku goma sai dai muryarsa.

Wani Bature ɗan Sikotilan mai suna McCaughley ne ya kafa gandun shanu a saman dutsen a 1951, kuma har yanzu akwai dabbobi, shi ya sa abin da ya fi tsaya min a rai shi ne kukan saniya da na ji dab da ni ban ga komai ba, can sai ga ƙaho ya ɓullo shi kaɗai, sannan kai, sannan sauran jikin. Gabana sai da ya faɗi. Gidajen kwanan ma haka suke, rufi ya bayyana ya ɓace kamar garin aljanu.

Ni fa hoto ya kai ni, ranar farko duk abin da na ɗauka fari fat kamar na ɗauki bango, har na fara mitar kuɗin mota. Wani mai gadi ya ce oga zauna ka jira, yana buɗewa. Washegari da sassafe na zauna da shayi lulluɓe da bargon ɗaki, kusan awa guda, sai iska ta yaye shi, ga kwari kore shar, ga hanyar da muka hawo kwance kamar maciji. Minti biyar bai cika ba ya sake rufewa, waya kuma tana ɗaki a caji.

In zan koma, rigar sanyi da takalmi sau ciki ne farkon shiga jaka, kuma ba zan yarda mu hau dutsen nan bayan la'asar ba.