Ku koyi karanta sawunku a kan ƙanƙara

Ƙannena da karatu ko aiki ya kai ku ƙasashen sanyi irin su Kanada, har kuka fara wasan zamiya a kan ƙanƙara, ku juya takalminku ku duba ƙarfen da ke ƙarƙashinsa. Kaurinsa kusan milimita 4 ne, kuma mai wasa shi yakan ƙwaƙule tsakiyarsa ya bar ɗan kwarmi. Saboda haka kaifi biyu gare shi, na ciki da na waje. Duk abin da za ku yi a filin, daga kwana har tsalle, a kan ɗaya daga cikinsu yake tashi.

Na daɗe ina zamiya ban riƙe ko ɗaya ba. Ina gudu, ina tsayawa, na ɗauka na ƙware. Da na fara koyon zana lamba takwas da ƙafa ɗaya, sai malamarmu ta kira ni, ta durƙusa ta nuna mini sawuna. Siraran layuka biyu ne suke tafiya kafaɗa da kafaɗa, ga ɗan garin ƙanƙara a wurin da na kankare ta. Ma'anarsa, a tsaye ƙarfen ya bi, kaifin biyu duka suna taɓa ƙasa. Kusa da shi ga nata, layi ɗaya tak, a lanƙwashe, ba kaɗawa. Tun da nake shiga filin ban taɓa waiwayar abin da ƙafata ta rubuta ba, kuma wannan sakaci ya cinye mini lokaci mai yawa.

Da na gane haka sai na sake yin wani kuskuren. Na riƙa karya idon sawuna don ƙarfen ya kwanta, jikina kuwa yana tsaye ƙyam. Layi ɗaya yakan fito, amma kafin rabin da'ira ya fara rawa, ƙafar ta gaji, in sauke ɗayar. Kaifi daga jiki duka yake zuwa. Kun ga yadda mai babur yake kwantawa tare da mashin ɗinsa idan zai sha kwana. Haka za ku karkata zuwa cikin da'irar, kai da kafaɗa da ƙugu da ƙafar da ke ɗauke da ku duk a layi guda. Kada ƙugu ya turo waje. Ku lanƙwasa gwiwa lokacin turawa, ku tura da gefen ƙarfen, ku bar haƙoran da ke gaban ƙarfen, sannan ku miƙe a hankali. Ƙafar da ke sama ta zauna kusa da diddigen 'yar'uwarta, idan za ta wuce gaba ta wuce dab da ita. Ni wurgi nake yi da ita, kafaɗuna su bi ta, da'irar ta tsuke tun ban kai tsakiya ba.

Kallon ƙafa ma ya cuce ni. Da zarar kai ya sunkuya, nauyi ya koma gaba, haƙora su kama ƙanƙara. Idan dole ku duba layi, ku sauke ido kawai, wuya a miƙe.

Wani zai ce ai an daina wannan zane-zane a gasa. Gaskiya ne, hukumar wasan ta duniya, ISU, ta cire shi, kuma gasar duniya ta 1990 a Halifax ce ta ƙarshe da aka yi shi. Amma kafin nan alƙalai kan tako cikin filin su sunkuya su duba sawun ɗan wasa, wanda yakan maimaita zane sau uku da kowace ƙafa, ana so layukan su hau kan juna. Beatrix Schuba ta Austriya ta ci zinare a gasar Olamfik ta 1972 a Sapporo saboda ratar da ta ba kowa a zane, duk da cewa ta bakwai ta zo a ɓangaren tsalle da juyi. A ganina gasa ce kawai ta bar shi, amma wanda bai riƙe kaifin waje yana tafiya da baya ba, da me zai dira idan ya yi tsalle? A kansa ake dira.

Ku nemi filin da sassafe ko bayan an share shi, lokacin da sawu ke fitowa fes. Faɗin da'ira ya kai kamar tsayinku sau uku. Turawa ɗaya ce za ta kai ku har ku dawo inda kuka tashi, don haka kada ku yi gaggawa. Bayan kowane zagaye ku tsaya ku duba: layi ɗaya ne ko biyu, a ina ya kaɗa, da'irorin biyu girmansu ɗaya? Ku ba ƙafar da ba ta jin magana lokaci fiye da ɗayar; ni na riƙa guje wa ta hagu, har yau tana baya.

Sai kayan aiki. Na sayi takalmi mai ɗan girma don in sa safa mai kauri, diddigena yana yawo a ciki, ƙarfen ba ya bin abin da jikina ya faɗa. Ku sayi daidai ƙafa, da safa siririya. Na kuma taɓa sa a zurfafa kwarmin ina zaton zai ƙara mini riƙo, sai ƙarfen ya riƙa cizon ƙanƙara yana cinye gudun kafin in rufe da'ira. Masu zane sun fi son kwarmi marar zurfi, don haka ku gaya wa mai wasawa abin da kuke koya. Idan kun fito ku sa marfin roba kafin ku taka siminti, ku kuma goge ƙarfen ya bushe kafin ya shiga jaka, don tsatsa a kan kaifin take fara cin sa.