Idan allura ta soke ku a bakin aiki, kada ku yi shiru

Ƙannena da ke makarantun koyon aikin jinya da ungozoma, da ku da kuka fara aiki kwanan nan, akwai wata ɗabi'a da ba a koyarwa a aji amma hannu kan ɗauke ta da wuri a ɗakin marasa lafiya: mayar wa allura murfinta bayan an gama da ita. Murfi a hagu, sirinji a dama. Za ku ga manyanku suna yi cikin ƙiftawar ido, har ku ɗauka ƙwarewa ce. Don Allah kada ku koya.

Ni na koya, kuma ta ci ni. Ina aikin dare, an ɗauke wuta, ina ɗibar jinin wani bawan Allah da hasken fitilar waya, sai allurar ta kuskure murfin ta huda safar hannu ta shige yatsana. Na matse wurin, na goge da auduga, na ci gaba da aiki ban gaya wa kowa ba, don kada a ce sabuwar ma'aikaciya ba ta iya aiki ba. Sai da aka sallami majinyacin, fargaba ta hana ni barci, sannan na sami shugabarmu. A lokacin damar shan maganin kariya ta riga ta wuce, mutumin da za a gwada jininsa kuma ya koma ƙauyensu. Na yi watanni ina zaryar gwaji. Allah Ya tsare ni, amma har yau shirun nan ya fi sukar yi mini ciwo.

Ga abin da ya kamata in yi. A wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudana. Ba a matsewa, ba a tsotsa, ba a zuba masa bilic. Sai a sanar da shugaban ɗaki a wannan daren, a nemi yardar majinyaci a gwada jininsa, a gwada na wanda aka soka. Maganin kariya daga ƙanjamau dole a fara shi kafin awa 72 su cika, ya fi amfani a sa'o'in farko, kuma ana shan sa kwana 28 ba fashi.

Yawancinmu ƙanjamau muke tsoro, alhali ciwon hanta nau'in B ya fi saurin kamu nesa ba kusa ba. Idan allurar da ta taɓa jinin mai ƙanjamau ta soki mutum, yiwuwar kamuwa kusan 3 ce cikin 1,000. Ga ciwon hanta na B kuwa, ga wanda bai yi rigakafi ba, tana iya kaiwa 30 cikin 100, kuma ƙwayar cutar kan rayu a busasshen jini har mako guda. Rigakafinsa allura uku ne: ta farko, ta biyu bayan wata 1, ta uku a wata na 6. Yana ba ni takaici in ga ma'aikaciya tana karɓar haihuwa kullum, jini har gwiwar hannu, ba ta kammala su ba.

Sai zazzaɓin Lassa, wanda tun farkonsa ma'aikatan jinya ya fara ɗauka. A 1969 aka gano shi a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, bayan ya kashe nas-nas biyu 'yan mishan. A 1970 Dokta Jeanette Troup ta yanke hannu tana binciken gawa a Jos, cutar ta yi ajalinta. A kwanakin farko ba ya bambanta da maleriya ko taifot, kuma ya fi yawa da rani. Saboda haka kowane jini, kowane amai, kowane fitsari, ku ɗauke shi a matsayin mai cuta, ko na limamin unguwarku ne, ko na ƙanwar mahaifiyarku. Sanayya ce ke sa mutum ya ji nauyin sa safar hannu.

Kwalin zuba allura ya kasance kusa da gado tun kafin ku fasa ledar sirinji. Daga jikin majinyaci sai cikin kwali, ba ajiyewa a faranti ko kan katifa. Idan ya kai kashi uku cikin huɗu a rufe shi, kada a danna da hannu don a sami wuri. Allurar da kuka jefa a kwandon shara, mai shara za ta soka, ita da ba ta ma san jinin wa ke ciki ba, ko yaron da ke tonon bola a bayan asibiti.

Safar hannu kuma ba ta ɗauke muku wankin hannu. Ku canza ta tsakanin majinyaci da majinyaci, ku goge hannu da man kashe ƙwayoyin cuta na daƙiƙa 20 zuwa 30, ko ku wanke da sabulu na daƙiƙa 40 zuwa 60 idan ya yi datti.

Duk asibitin da aka tura ku, ranar farko ku tambayi shugabar ɗaki wa ake kira idan allura ta soki mutum da tsakar dare, a ina ake ajiye maganin kariya, kuma makullin yana hannun wa ranar Asabar da Lahadi.