Godiya daga kulob ɗin kimiyya

Alhamdulillahi an yi taro an tashi lafiya, baje kolin kulob ɗinmu na kimiyya na bana ya wuce sai godiya.

Iyaye ku zan fara yi wa, don ku kuka sha haƙuri tun farkon zangon nan, a tashi makaranta yaro bai dawo ba sai yamma lis, in ya dawo kuma ya hau kwashe muku robobi da kwalaye da tsofaffin wayoyin wuta wai duk kayan aiki ne. Allah ya saka da alheri. Sai Malam mai kula da lab, bawan Allahn nan bai taɓa ce mana lokacin tashinsa ya yi ba, shi ya zauna da 'yan aji ɗaya har suka iya ɓare fatar albasa su ɗiga mata aidin su ga ƙwayoyinta a maikuroskop.

'Yan matana masu batirin lemon tsami, kun ban tsoro fa. Lemo ɗaya da ƙusar zinc da jan ƙarfe ba ya kai volt 1, ɗan jan ƙwan lantarkin nan da ake kira LED kuma kusan volt 2 yake so, suka jera lemo 4 lissafi ya yi daidai amma ana gobe taro abu ya ƙi kamawa har an fara hawaye, ashe ƙafar ƙwan aka juya, shi kuwa ta gefe ɗaya kawai wuta ke bi ta cikinsa. Su da kansu suka gano, ba wanda ya sa musu baki.

Wanda ya fi burge ni shi ne yaron teburin tace ruwa. Wani baƙo ya ga ruwa ya fito garau ya ɗaga kofi zai sha, yaro ya ce a'a Baba, yashi da tsakuwa da gawayi laka suke tarewa ba sa kashe ƙwayoyin cuta, sai an tafasa. Wallahi wannan amsar ta fi min duk wani kambu.

Tsohon ɗalibinmu da ya ara mana na'urar hangen taurari mun gode ƙwarai, yara sun ga watannin duniyar Jupiter guda 4 ɗin nan da masanin taurari Galileo ya hango a 1610, har yanzu musu suke wa ya riga gani. Shugaban makaranta, malaman da suka yi alƙalanci, da Baba mai gadi da muke hana shi rufe ƙofa da wuri, Allah ya bar zumunci.

Kayan aro duk za mu mayar cikin satin nan insha Allah. 'Yan kulob kuma ranar Laraba kowa ya zo a wanke lab, ba guduwa.